Bayan aikin rage tumbi, ƙafa ce ke ƙarasa magani

A ƙasarmu an daɗe ana ɗaukar ƙiba alamar wadata da kwanciyar hankali. Amma idan ta wuce kima, cuta ce. Tana jawo ciwon suga, da hawan jini, da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ita.

Idan rage ci da magani sun kasa, likitoci kan yi wa mutum aikin rage tumbi. Wani likitan Amurka, Edward Mason, ya soma wani irinsa tun wajen 1966. A irin wanda aka fi yi yau, ana yanke kusan kashi 4 cikin 5 na tumbin, a bar ɗan siriri kamar ayaba. Ana yin sa da yawa a Faransa, da Turkiyya, da Tunisiya. Namu da ya je can aka yi masa, gida zai dawo ya yi jinya a hannun dangi. Don haka dangi ma ya kamata su san abin da ke biyo baya.

Akwai ma'aikacin lafiya mai kula da gashi da motsa gaɓoɓi, wanda a asibitocinmu ake kira "kine". Aikinsa yana farawa tun ranar da aka fito da mutum daga ɗakin aiki. Bayan ƴan awoyi zai tashe shi zaune, sannan ya sa shi ya taka kaɗan. Mai kallo zai ce rashin tausayi ne. Ba haka ba ne. Jinin wanda ya daɗe kwance yakan daskare cikin jijiyar ƙafa. Gudan jinin nan idan ya ɓalle ya kai huhu, yana iya kisa nan take, kuma mai ƙiba ya fi shiga wannan haɗari. Kine zai koya masa jan dogon numfashi sau da yawa a yini, da yadda zai danne ciki da matashi idan zai yi tari, don kada majina ta taru a ƙirji.

A nan ne mu dangi muke kuskure. Mun saba mu shimfiɗa wa majinyaci tabarma, mu ce kada ya ko motsa, komi a kawo masa. Ƙauna ce, amma irin wadda ke cutarwa. Wannan maganar ta shafi har matar da aka yi wa aikin haihuwa, da wanda aka yi wa aikin ƙaba.

Tafiya daban, ɗaukar kaya daban. Yawanci ta ƴan ƙananan huji ake yin aikin. Fata takan warke da wuri, sai mutum ya zaci ya gama. Ciki kuwa da saura. Sati 4 zuwa 6 kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo 5, wato kimanin tiya biyu ta hatsi. Babu jan guga, babu daka, babu ɗaukar tulu. In ya yi gaggawa, hanji na iya turowa ta wurin ɗinkin.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. A watannin farko jiki yana zubewa da sauri, amma ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka. Tsoka ce ke ɗauke da mutum, ita ce kuma ke ƙona abinci. Wanda ya rame yana kwance, sikeli zai faranta masa rai, amma tashi daga tabarma zai zame masa aiki. Daga baya kuma ƙibar tana iya lallaɓowa ta dawo.

Saboda haka ana farawa da tafiyar minti 5 ko 10, sau da yawa a yini, ana ƙarawa sannu a hankali. Abin da ake nema shi ne ma'aunin da OMS ta bayar a 2020: minti 150 aƙalla kowane sati, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Wannan ba sai da kuɗi ba. Idan likita ya ba da izini, a zauna kan kujera a tashi sau 10, a tura bango da hannuwa, a ɗaga kwalba cike da rairayi. A haɗa da abinci mai gina jiki: ƙwai, nono, kifi, nama, wake.

Sai a kula da zafin ƙasarmu. Ƙaramin tumbi ba ya karɓar moɗa guda a tashi ɗaya, don haka ƙishirwa na saurin kayar da mai shi. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan har lita ɗaya da rabi a yini, ya yi tafiyarsa bayan asuba ko bayan la'asar. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya zo, a kai shi asibiti ba tare da jiran gobe ba.