Tsatsar da Ke Cin Rubutun Halitta

Yana daga cikin al'ajaban hikimar Ubangiji cewa iskar oksijin, wadda ɗan Adam ba ya jure rashinta ko na 'yan mintoci, ita ce kuma take bin jikinsa sannu a hankali tana ci, kamar yadda damina ke yi wa fartanyar da aka manta a gona. Domin kuwa duk sa'ad da ƙwayoyin jiki suka ƙona abinci da ita don samun ƙarfi, wasu 'yan tartsatsi sukan kuɓuce su faɗa wa kundin gado da ake kira DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu rak, A da C da G da T, aka jera su har kimanin biliyan 3.

Harafin G ya fi sauran saurin kamuwa, kuma a 1984 masana biyu na Japan, Kasai da Nishimura, suka bayyana siffar da yake komawa idan ya yi tsatsa. Illar ita ce, ranar da ƙwaya za ta kwafi kundinta, sai ta yi wa gurɓataccen harafin mummunan karatu, a wayi gari inda G yake T ya zauna, irin abin da malamanmu ke kira tas'hifi, inda ɗigo ɗaya na mai kwafa kan juya ma'anar mas'ala ɗungurungum, kuma tarin irin wannan kuskure kan haifar da sankara. Babban hanji kuwa wuri ne da alƙalami ba ya hutawa, tunda shimfiɗarsa ta ciki takan sabunta cikin kwana biyar ko makamancin haka, ga kumburi mai daɗewa da sinadarin ƙarfe na jan nama suna ƙara iza wutar. A 2015 ma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Faransa ta sanya naman da aka sarrafa, irin su tsiran Turawa, cikin tabbatattun sabubban sankarar hanji.

Sai dai Mahalicci bai bar kundin babu masu bita ba. Akwai sinadarai da aikinsu ke nan, su bi layi su kankare kuskure su maido da sahihi, kuma nazarin wannan gyara ne ya ba Tomas Lindahl rabo a kyautar Nobel ta 2015. An gane girman hidimarsu a 2002, lokacin da likitoci a Kadif ta ƙasar Birtaniya suka binciki wasu 'yan'uwa uku da tsiro ya cika wa hanji, suka tarar sun gaji naƙasa daga uwa da uba a mai gyara guda, MUTYH. Masu irin wannan gado akan riƙa leƙa hanjinsu da na'ura tun suna matasa, a cire tsiron kafin ya rikiɗe, abin da ba ya samuwa ga wanda ya shekara yana ganin jini a bayan gida yana cewa basir ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, tsatsar da ta haifi cutar ita ce kuma makamin likita, gama gashin da ake yi wa sankarar dubura tartsatsin nan yake watsa wa ƙwayoyin ciwon har kundinsu ya ƙi gyaruwa. Tun 1953 Louis Gray na Ingila ya nuna cewa ƙwayoyin da oksijin bai ishe su ba, kamar na can tsakiyar ƙari, sukan buƙaci gashi kusan ninki uku kafin su mutu, wanda hakan na daga dalilan da majinyata biyu kan sha magani iri ɗaya ƙarshensu ya bambanta. Amma masu tallar ƙwayoyin kashe tsatsa, da ke alkawarin rigakafi a cikin kwalba, an jarraba irin hajarsu a Finlan kan mashaya taba sama da 29,000, sakamakon da ya fito a 1994 kuwa ya nuna waɗanda aka ba sinadarin karas sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100.