Tsargiya: Fitsarin Jinin da Ke Iya Kaiwa ga Kansar Mafitsara

A ƙauyukan Rano da Kibiya, yaro ya yi fitsari da jini ba abin tayar da hankali ba ne a wurin wasu iyaye. Har akwai masu ɗaukarsa alamar balaga. Wannan kuskure ne babba.

Tsargiya tsutsa ce ke kawo ta. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a kududdufi ko magudanar noman rani, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga jikin dodon koɗi, daga nan ta fito ta huda fatar yaron da ke wanka ko manomin da ke ban ruwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya wadatu a yankin rani da damina. Alheri ne, amma dodon koɗi ma ya samu wurin zama.

Ɓarnar da ba a gani ta fi muni. Ƙwan da ya maƙale a bangon mafitsara yana haddasa kumburi shekara da shekaru, kumburin kuma yana lalata ƙwayoyin halittar wurin har su rikiɗe su zama kansa. A 1994 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa.

Maganinta praziquantel, ana rabawa a makarantu. Sai dai muddin babu masai da rijiyar burtsatse, yaro zai sha magani yau, gobe ya koma kududdufin.