Ina Iskar Kabon Take Zuwa?

Idan muka zaga cikin birnin Kano za mu ji sunayen unguwanni irin su Durumin Iya, da Durumin Zungura, da Rimin Kira. Ita kanta Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sunanta yana tuna mana da itatuwa. Yau sai mu yi tafiya mai nisa a cikin lunguna kafin mu sami inuwa, ga hayaƙin gawayi da na janareta da na adaidaita sahu.

Duk abin da ya ƙone yana sakin iskar kabon dayoksaid, wadda take riƙe zafin rana kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu, cikin kashi miliyan ɗaya na iska akwai kimanin kashi 280 nata. A 2013 ma'aunin dutsen Mauna Loa a Amurka ya kai 400, yanzu kuwa ya wuce 420. Amma wajen rabin abin da muke saki ne kawai yake zama a sama. To, ina sauran?

Itatuwa suna ɗaukar fiye da rubu'i. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan yake zuƙar iskar, ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo, da ƙarfin hasken rana, ya yi abincinsa, sa'an nan ya sako mana iskar da muke shaƙa. Kusan rabin nauyin busasshen icce kabon ne. Ashe katon rimi rumbu ne! Ranar da aka sare shi aka sa a murhu, ajiyar shekara ɗari ta koma sama.

Teku yana shanye wajen rubu'i, musamman inda ruwa yake da sanyi. Mun san wannan daga kwalbar lemo: mai sanyi tana riƙe iskarta, wadda ta sha rana kuwa da an buɗe sai kumfa. Sai dai teku yana biyan kuɗin wannan aiki, gama ruwansa yana ƙara tsami, halittu masu ɓawo kuma suna shan wuya.

Ƙanƙara ba ta shan wani abin kirki, ajiya take yi. A Antatika an haƙo ƙanƙara mai ɗauke da ƙwayoyin iskar shekara 800,000, kuma a duk tsawon wannan lokaci kabon bai taɓa kai yawan na yau ba.

Kano ba ta da teku, ba ta da ƙanƙara sai wadda ake sayarwa. Abin da yake hannunmu shi ne icce, kuma watan Yuli, lokacin da damina ta kankama, shi ya fi dacewa da dashe.