Idan sankarar hanta ta haura gindin ƙoƙon kai

Mutum ya tashi da safe, ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi sai ya ga kofi biyu. Kafin mako ya zagayo fatar idonsa ta sauko, ƙwayar idon ta ƙi juyawa gefe. A gida a ce shafar iska ce, a asibiti a tura shi wajen likitan ido. Ba mai tunawa da hanta, alhali a 'yan tsirarun marasa lafiya can ne tushen abin.

Sankarar hanta in ta tashi bazuwa, huhu ta fi nufa, takan kuma kai ƙashin baya da haƙarƙari. Da wuya ƙwarai ta kai gindin ƙoƙon kai, wato ƙashin da ƙwaƙwalwa ke zaune a kansa. Amma wurin matsattse ne, duk ƙananan ramuka, ta nan jijiyoyi 12 na kowane ɓarin kai ke fita zuwa ido, fuska, harshe da maƙogwaro. Ƙari mai girman ƙwayar gyaɗa ya isa ya danne guda. In ta ido ya danne, gani ya rabu biyu. In ta harshe ce, harshen ya karkace, magana ta riƙa sarƙewa.

Ta ina sankarar ke bi ta kai can? Tun 1940 Oscar Batson, masani a Amurka, ya nuna cewa hanyoyin jinin da ke kewaye ƙashin baya ba su da makarin da ke hana jini komawa, don haka ƙwayoyin sankara kan iya bin su daga ciki har kai.

Hoton MRI ke nuna ƙarin, gwajin jini na AFP da hoton ciki su tona asirin hanta. Likitoci na ɗar-ɗar da yanka ƙarin saboda yawan zubar jini, shi ya sa aka fi yin gashi don rage zafi da matsi.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu wannan sankarar a Yammacin Afirka galibi magidanta ne masu ƙarfi a jika, da suka ɗauki ciwon hanta nau'in B tun suna yara, gubar funfunar gyaɗa da masara ta ƙara masa wuta. Najeriya ta sa rigakafin nau'in B ɗin cikin alluran yara a 2004, kuma ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Wanda aka haifa kafin nan, sai gwajin jini ne zai gaya masa ko yana ɗauke da shi.