Raunin Zuciya da Haɗarin Kashe Kai Tsakanin Ɗaliban Jami'a

Duk wanda ya ga ɗaliban jami'a suna fitowa daga ɗakin karatu, littattafai a hammata, zai zaci ba su da wata damuwa illa jarrabawa, alhali kuwa a cikinsu akwai wanda aka ƙone ƙauyensu yana kallo, akwai wadda aka ci zarafinta ta haɗiye ba ta gaya wa kowa ba, akwai kuma waɗanda aka kwashe abokansu daga masauki, kamar yadda ya auku ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a watan Satumba na 2023.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun bayyana cewa musiba irin wannan, ko da ta wuce, takan bar zuciya cikin firgici: barci ya ƙaurace, abin ya riƙa dawowa cikin mafarki, hankali ya ƙi zama kan karatu, har mutum ya yanke ƙauna, ya riƙa ganin kansa kaya ne a wuyan iyayensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, kuma wannan yana cikin manyan sabubban ajalin masu shekara 15 zuwa 29.

Amma abin lura shi ne, ba kowane mai rauni ne ke kaiwa bakin wannan rami ba, domin bincike ya nuna cewa wanda yake da aboki amini, ko malami mai saurare, ko dangi masu zumunci, haɗarinsa ya fi sauƙi. Ga shi kuwa ɗalibi ya baro gida, ya zama baƙo cikin dubban baƙi, daidai lokacin da ya fi bukatar mai cewa da shi sannu.

Lalle shari'a ta haramta kashe kai, amma ita ce kuma ta wajabta ceton rai, ta yi umarni da neman magani. Saboda haka idan ka ga ɗan'uwanka ya ƙaurace wa jama'a, ya daina cin abinci, yana yawan ambaton mutuwa, kada ka ce masa raunin imani ne. Zauna da shi, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambaya ba ta cusa masa tunanin. Sa'an nan ka raka shi asibiti da ƙafarka.