Ganga Biliyan 100 da Ba Su Fito Ba

A watan Afrilun 2015 wani ƙaramin kamfani, UK Oil & Gas, ya sanar da cewa binciken rijiyar Horse Hill, kusa da filin jirgin saman Gatwick a kudancin Ingila, ya nuna akwai ɗanyen mai ganga miliyan 158 a ƙarƙashin kowace murabba'in mil. Da aka buga lissafin a kan faɗin yankin Weald da rijiyar take ciki, sai aka ce zai iya kai ganga biliyan 100. A yini ɗaya farashin hannun jarin kamfanin a kasuwar Landan ya fi ninki biyu. Bayan 'yan kwanaki kamfanin ya fito ya sassauta zancen, amma mutane sun riga sun zuba kuɗinsu.

Abin da masu rububin saye ba su tsaya sun tambaya ba shi ne: nawa ne zai fito? Mai ba ya kwance a ƙasa kamar tafki. Yana maƙale ne a cikin ƙananan kafofin dutse, kuma duwatsun Kimmeridge da aka yi lissafin a kansu masu tsauri ne, da ƙyar suke sakin abin da ke cikinsu. Kamfanin da kansa ya ce kashi 3 zuwa 15 cikin ɗari ake sa ran samu. Wannan adadin ya kamata ya hau kanun jaridu, ba wancan ba.

Gwajin rijiyar da aka yi a 2016 ya ba da kusan ganga 1,700 a rana, fata ya sake tashi. Sai dai gwajin 'yan sa'o'i ba ya nuna abin da rijiya za ta yi a shekara biyar, domin ƙarfin da ke turo man yana raguwa. Rijiya ta biyu da aka haƙa a 2019 ruwa ya yi ta kwararo mata. Daga baya abin da ake samu bai kai ganga 100 a rana ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne, duk lokacin da kuɗi suka ƙare, sai a fitar da sababbin hannayen jari a sayar, kason wanda ya saya tun farko ya ƙara ƙanƙancewa. Ƙananan masu jari, waɗanda suka sa ajiyarsu, su suka fi shan wannan asara.

A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Birtaniya ta soke izinin faɗaɗa haƙar, a ƙarar da wata mata mai suna Sarah Finch ta shigar, saboda hukumar gundumar Surrey ba ta auna hayaƙin da ƙona man zai haifar ba. Kafin shekarar ta ƙare an dakatar da aiki a wurin.