Ruwan Rijiyar Da Ya Gina Kasuwar Giya A Ingila

Fiye da kashi 90 cikin 100 na giya ruwa ne, don haka ruwa shi ne jari na farko a wannan sana'a. Garin Burton da ke ƙasar Ingila ya yi fice a ƙarni na 19 saboda ruwan rijiyoyinsa yana ɗauke da sinadarin jifsam, wanda ke fito da ɗacin giya, ya kuma taimaka ta tace garau.

Daga bisani masana kimiyya suka gano cewa ana iya zuba jifsam a ruwan kowane gari a sami irin wannan sakamako. Sannu a hankali fifikon Burton ya ragu.

A yau masu dafa giya a gida, musamman a Amurka inda aka sa hannu kan dokar da ta halatta hakan a 1978, sukan fara cire kulorin daga ruwan famfo. Sannan su ƙara jifsam ko ɗan asid, domin ma'aunin tsamin tsiron da aka jiƙa ya tsaya tsakanin 5.2 da 5.6. Sinadarin da ya azurta gari guda yanzu ana sayar da shi ƙulli-ƙulli a kantuna.